Fuskar da Rita Ke Cin Abinci da Ita

Ranar da na koma kasuwar Gudu da ke Abuja, faɗa na je yi. Na ajiye mota a karkace, na kutsa layin masu kayan kwalliya da robar man shafawa a hannu, niyyata in buga ta a kan teburin shagon in tara wa mai shi jama'a. Wadda nake nema sunanta Rita. Ita ta sayar mini da man wata biyar kafin nan, kuma da a ce na iske ta a bakin ƙofa a ranar, to da sai an raba mu.

Sunana Sa'adiya, ina aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, shekarata talatin da bakwai da 'ya'ya uku. Duk tsawon 'yanmatancina ban san wani abu wai shi kurajen fuska ba. Sai da na yaye autana, na fara jin kaina babbar mace, sannan suka yi mini sallama a haɓa da muƙamuƙi, manya masu zafi, irin waɗanda ba sa yin baki balle a matse. Duk wata, saura kwana biyar in ga al'ada, sai su fito, ba sa saɓa alkawari. Nan da nan kowa a ofis ya zama likita. Wannan ta ce gyaɗa ce, waccan ta ce ba na wanke fuska da kyau, ni da nake alwala sau biyar a rana. Wani darakta mai furfura har cikin hanci ya dube ni a gaban mutane ya ce, "Hajiya an koma 'yar sha shida ke nan?" Na yi masa dariyar dole, na shiga banɗaki na zage shi a raina. Man goge baki, lemun tsami, kurkur da zuma, sabulun salo, babu wanda ban ɗora wa fuskar nan ba, har wata abokiyar aikina ta kwatanta mini shagon Madam Patricia a Gudu.

Shagon yana da wata al'ada da ta sa ya yi suna. A bakin ƙofa akwai doguwar kujera, a kanta mace ɗaya take zama, fuskarta babu hoda babu komai, a gefenta kuma an jera fararen hankici a ninke. Idan kika zo kina shakka, sai Madam ta miƙo miki guda ta ce ki goga a kumatun matar nan da hannunki, ki duba ko za ki ga kwalliya. Matar da ke kan kujerar ita ce Rita. Fatarta sumul, tana sheƙi kamar an wanke tangaran. Ni ma na karɓi hankicin. Ni, mai digiri biyu, na kama haɓar 'yar mutane na goga, na ɗaga ƙyallen ina dubawa a hasken rana, ita kuwa tana murmushi tana cewa da Hausarta ta 'yan koyo, "Goga da kyau anti, ba ƙarya a ciki. Ni ma haka fuskana yake da, ya fi naka lalacewa." Na saya. Yau idan na tuna wannan gogar, kunya ce take fara kama ni kafin haushi ya biyo baya.

Kwana goma fuskata ta kwanta luf, har na fara raba wa mutane kwatancen shagon. A wata na huɗu sai wasu ƙananan jajayen kuraje suka feso mini a goshi da kumatu, duk girmansu ɗaya, idan na shiga rana kuma sai in ji kamar an watsa mini barkono. Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na je wurin likitan fata, wani Dakta Nazeer. Ya dubi fuskata, ya dubi robar da babu ko rubutu a jikinta, ya ce kusan kullum sai ya ga irina. Wai ana zuba wa irin waɗannan haɗe-haɗen wani magani mai ƙarfi da suke kira sitiroyid, wanda aka yi shi don ƙaiƙayi da kumburi na 'yan kwanaki. Yana danne kuraje ya haska fata, sannan a hankali ya cinye kaurinta ya haifo nasa kurajen. Daga asibitin ban biya gida ba, Gudu na nufa.

Na iske kujerar babu kowa. Madam ma ba ta nan, an ce ta je sarin kaya. Na ɗaga murya ina kiran Rita, sai na ji motsi a bayan labule. Na bankaɗa na shiga, bakina cike da maganar da na haddato tun daga mota.

Tana durƙushe a gaban wani babban bokitin fenti, tana tuƙa farin mai da muciya kamar mai tuƙa tuwon suna. A gefenta tulin ƙananan magungunan matsawa ne, irin na ƙaiƙayi, an matse su tas an zubar da kwalayen. Ta ɗago ta dube ni. Wallahi ban gane ta ba sai da ta yi magana. Fuskar ta kumbura ta yi jawur, kuraje sun hau kan kuraje, ana ganin ƙananan jijiyoyi a kumatunta, a gefen hagu kuma fatar ta tsage tana tsattsafo ruwa.

"Anti, kai ne?" ta ce. "Sannu. Naka ma ya fara ko?"

Duk maganar da na zo da ita ta tsere. Na jawo wani kwali na zauna, a nan ta ba ni labarinta, wani a ranar, wani a zuwan da na riƙa yi daga baya.

Rita 'yar Gbagyi ce, wato Gwari, a Durumi aka haife ta tun unguwar tana ƙauye. Mahaifinta Ishaya manomin doya ne, kuma ta ce tun tana 'yar shekara bakwai take bin uwarta daga gona da ƙwaryar doya a kafaɗa, domin su matansu ba sa ɗora kaya a ka. Gonar tana nan har yau, sai dai benaye ne a kanta da maigadi a ƙofa. Wata rana aka zo da takardu aka auna, aka ba tsohon abin da aka ba shi, aka ce ya yi haƙuri birni ne ya iso. Bai yi shekara uku ba ya rasu. Rita ta bar makaranta a aji biyar na sakandare, ta yi aikin wanke-wanke a wani gidan abinci, ta auri wani mai sa tayil sunansa Timothy. Suna da 'ya'ya biyu ya kwanta ciwon hanta ya tafi. Ya bar ta da yaran, da tsohuwar uwarta, a ɗaki biyu na laka a bakin layin da kullum ake jita-jitar za a rushe.

Kurajenta na asali irin nawa ne sak. Tana da shekara ashirin da shida suka fito mata a haɓa, bayan ta yaye na biyun. Mai gidan abincin ta ce masu cin abinci suna ƙyanƙyami, ta mayar da ita wurin murhu. Shi ne ta lallaɓa shagon Madam Patricia ta sayi ƙaramar roba. Da ta koma sayen ta biyu, Madam ta fito da ita hasken rana, ta juya fuskarta hagu da dama, ta ce gobe ta zo aiki. Aikin kuwa shi ne ta zauna a kujera a goga mata hankici.

Shekara takwas ta yi a kujerar nan. Kowace safiya kafin a buɗe shago sai Madam ta kama haɓarta ta duba, kamar mai taya rago. Idan ta ga alamar ƙurji, sai ta ƙara wa robar Rita ƙarfi. Rita ta ce ta san ana matsa magungunan ƙaiƙayi a ciki, don ita take matsawa wani lokacin, amma ta ɗauka abin da ake sayarwa a kemis ai ba zai cuci mutum ba. Da kujerar ta sa yaranta a makaranta, da ita ta canja wa uwarta kwanon ɗaki. Mata sukan taho tun daga Maitama a manyan motoci su taɓa fuskarta. Ta faɗa mini wannan da ɗan alfahari, kuma ban ga laifinta ba, don kafin nan babu wanda ya taɓa tahowa daga ko'ina domin ya gan ta.

Abin da ya kai ta bayan labule shi ne wata mata mai nauyin hannu. Ta goga hankicin da ƙarfi, sai fata ta biyo shi. Rita ta tsorata ta daina shafa man, cikin mako guda fuskar ta yi wannan aman wutar. Madam ta ce taurin kai ne, ta koma ta shafa a wuce wurin. Da Rita ta ƙi, sai ta ajiye ta a baya tana tuƙa mai, tare da gargaɗin cewa tuƙi ba aikin da ake ɗaukar mutum dominsa ba ne. Ta ba ta zuwa farkon Oktoba, lokacin da amare da masu zuwa biki suke fara cika layin. In kujera ta kai lokacin babu kowa a kanta, za a samo wata. A ranar muna tsakiyar Agusta.

Na ce mata ta tashi mu je asibiti. Ta ce Madam za ta yi faɗa. Na ce Madam ta ci kanta. Ranar Asabar na ɗauko ta daga Durumi na kai ta gaban Dakta Nazeer.

Mutumin nan ya yi mana bayanin da na so a ce an yi mini shekara biyu baya. Ya ce kurajen da ke fito wa mace bayan ta girma yawanci daga cikin jiki suke, daga sauyin sinadaran da ke tafiyar da al'ada da ciki da shayarwa, shi ya sa suke son haɓa da muƙamuƙi, suke kuma bin kwanan wata. Wata gadonsu ta yi, wata sauya maganin tsarin iyali ne ya taso mata da su, wata kuma matsala ce a ƙwayayen haihuwarta, musamman idan al'adarta tana tsallake watanni ko gashi yana fito mata a haɓa. Damuwa da rashin barci suna ƙara musu ƙarfi, haka mai mai kauri da ke toshe ƙofofin fata. Na tambaye shi gyaɗa fa. Ya yi dariya ya ce an daɗe ana ɗaure gyaɗa ba tare da shaida ba, in ma akwai abincin da ke tsananta wa wasu, to an fi zargin yawan zaƙi da madara. Maganin kuma ba wani abin ɓoye ba ne. A wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar ƙarfi, a bar dirza da matsa. Akwai na shafawa da safe mai kashe ƙwayoyin cuta, akwai na kafin kwanciya mai buɗe ƙofofin fata, wanda mai ciki ba ta taɓa shi. In abin ya yi yawa a haɗa da ƙwayoyi na 'yan watanni, wata kuma a ba ta masu daidaita sinadaran jikin. Sai man kare rana, sai haƙurin wata biyu zuwa uku kafin a ga canji.

Na ji kamar in kurma ihu a ofishin. Ashe ciwon da ya sa Rita ta sayar da fatarta shekara takwas, abu ne da za a iya rubuta maganinsa a rabin takarda. Babu wanda ya taɓa gaya mata. A asibitin unguwarsu, ta ce, ta taɓa tambaya lokacin da ta kai yaro rigakafi, ma'aikaciyar ta ce mata masu ciwon gaske suna jira a layi.

Amma da Dakta ya juyo kan fuskar Rita ta yanzu sai muryarsa ta sauka. Ya ce ni wata biyar na yi ina shafawa, ita shekara takwas. Sai an fara janye fatar daga sitiroyid a hankali, a lallaɓa ta ta farfaɗo, sannan a waiwayi kurajen asali. Kuma fuskar za ta ƙara muni kafin ta gyaru.

"Oga dokta, har yaushe?" in ji Rita.

"Wata uku in an yi sa'a. Zai iya kai shida, ko ya wuce."

"In na koma na shafa fa?"

"Zai kwanta cikin mako guda," ya ce. "Sannan ya dawo fiye da haka. Fatar tana ƙara siranta ne. Akwai inda idan aka kai, ba ni da abin da zan mayar miki da shi."

Na dubi Rita. Na ga tana lanƙwasa yatsu a cinya tana ƙirga makonni, ni kuwa na riƙa yi mata huɗuba a mota har Durumi. Na ce lafiya uwar jiki, na ce aiki ai wani yana nan. Na saya mata magungunan, na ji daɗin kaina sosai.

Tare muka fara. Ni na cike takardar hutun shekara na shige ɗaki wata guda, na ja labule na kunna na'urar sanyi, abinci ma sai a miƙo mini. Da hutun ya ƙare na koma ofis da takunkumi a fuska, na ce mura nake yi. Ita kuma kullum tana bayan labulen Madam, a ɗakin da babu taga, zufa tana gangarowa cikin tsagar fatarta. Da yamma ta bi rana ta hau Keke zuwa gida, mutane suna matsawa gefe kada su taɓa ta. A coci wata ta tambaye ta ko ta yi gwajin jini. Uwarta ta dage wai hannun mutane ne, a je a nemi taimako a ƙauye. Duk da haka Rita ta riƙe. Duk Juma'a takan turo mini hoton fuskarta, ni kuma in tura wa likita. A mako na shida kumburin ya fara saɓewa, tsagar ta rufe. Dakta ya ce hanya ta yi kyau, a ci gaba.

Na je na sami Madam Patricia da kaina, a tunanina zan tsorata ta. Mace ce mai sanyin murya, ta ba ni kujera har da ruwan sanyi. Na ce mata abin da take zubawa guba ne, zan kai ƙara. Ta ce in kai, layin nan shago nawa ne, kuma wa ta taɓa kamawa ta shafa wa da ƙarfi? Ta ce mu ne muke zuwa da ƙafafunmu muna cewa biki saura kwana goma, a ba mu mai aiki da sauri. "Wanda zai yi wata uku, Hajiya, in na ba ki za ki saya?" Na tashi na fita ina huci, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ta faɗa. Na rubuta takardar ƙorafi na kai inda ake kaiwa, aka buga mata hatimi aka ce za a duba. Na tambayi mutum uku ko suna da aikin da za su ba Rita. Ɗaya ta ce in tura mata hoton Rita, da ta gani sai ta ce a bari ta warke tukuna.

Juma'ar farko ta Oktoba hoto bai zo ba. Na kira, ba ta ɗauka ba. Ta biyu ma shiru. Ranar Asabar na shiga Gudu, layin ya cika da mata, ana ta ciniki. Tun daga nesa na hango ta a kan kujera, fuskar ta kwanta sumul, ta fi da haske, wata budurwa da ƙawayenta sun kewaye ta.

Na matsa kusa. Na jira suka shige ciki wurin Madam, na tsaya a kanta na ce, "Rita, me kika yi? Mako bakwai! Kin ci wuyar, saura kaɗan, kika zubar? Ba ki ji abin da likita ya ce ba?"

"Na ji, anti. Ba kurma ba ne ni."

"To don me?"

Ta dubi fuskata, wadda ta lafa sai 'yan tabo. Babu fushi a idonta, kuma na fi son a ce akwai.

"Naka ya yi kyau, alhamdu lillahi," ta ce. "Amma kai ka warke a cikin ɗaki ne, albashi yana shigowa. Ni a ina zan zauna in warke? Madam ya riga ya kawo wani yarinya ya gwada a kujeran nan, ina bayan labule ina ji. Mutum huɗu ne suna ci a fuskan nan, anti. In ya yage, ya yage. Kafin nan dai yarana sun ƙara aji."

Na buɗe baki in ce wani abu a kan haƙuri, sai na ji kalmar ta yi mini ɗaci. Ta sunkuya ƙarƙashin kujera ta jawo wata baƙar leda ta sa mini a hannu. Ragowar magungunan likita ne, an naɗe kowanne da kyau, har da takardar da ya rubuta yadda ake sha.

"Kar ya lalace a wurina," ta ce. "Ka ba wanda yake da wurin ɓuya. Kuma abeg, don Allah anti, kar ka tsaya a nan, Madam yana kallo."

Na juya na kama hanyar mota da ledar a hannu, ina neman wanda zan jefa da ita, na rasa. A bayana na ji muryarta tana yi wa wata sabuwar zuwa sannu, tana ce mata ta matso kusa ta duba, amma ta goga a hankali.